Ƙwallon da Baba ya ɗinke da zaren homa

A Argungu aka haife ni, a gidan masunta. Kakana da homa da gora ya ci abinci, Babana ma haka, sai dai shi ya haɗa da noman shinkafa a fadama, domin tun muna ƙanana kifi ya fara ja da baya, gulbi ba ya ba da abin da ya saba bayarwa. Mu 9 ne a wurinsa, ni ne namiji na biyu. Abin da aka shirya mini a fili yake: allo da asuba, boko da hantsi, fadama da la'asar. Tamaula ba ta cikin lissafi. Baba yana kiranta wasan marasa aikin yi, kuma ba ya ɗaga murya idan zai faɗa, shi ya sa maganar take shiga jiki.

Mu kuwa yaran unguwa, da rani ya yi ruwa ya janye, yashin bakin gulbi ya zama filinmu. Tsumma muke cusawa a leda mu ɗaure da igiya, mu kafa kara biyu a matsayin raga. Daga baya wani bawan Allah ma'aikacin asibiti, wanda ya taɓa buga ƙwallo a Sakkwato yana saurayi, ya tattara mu ya fara koya mana. Koci kawai muke ce masa, har ya bar duniya ban ji yaron da ya kira sunansa ba.

Ina da shekara 12 aka yi gasar Olamfik ta 1996 a Amurka. Wani malamin makaranta ne yake fito da talabijin ɗinsa ƙofar gida, ya haɗa ta da batirin mota, mu zauna a ƙasa manya su tsaya a bayanmu. Daren da Najeriya ta kara da Birazil, Birazil tana gaba da ci 3 da 1, mutane har sun fara kaɗe riga suna tafiya, sai Ikpeba ya rage ɗaya, Kanu ya farke ana dab da tashi, ya kuma ƙara wadda ta gama wasan a ƙarin lokaci. Bayan kwana 3 aka doke Ajantina 3 da 2, Najeriya ta ɗauki zinare. Gari ya ɗauki maganar Kanu, kuma ya cancanta. Ni kuwa sunaye biyu na tsinta na kai gida: Tijjani Babangida da Garba Lawal, dukansu 'yan Kaduna. Garba sunan ƙanen Babana ne. Lawal sunan mai shayin bakin tasha ne. Ban taɓa zaton mai suna irin na gidanmu zai rataya zinare a ƙasar Turawa ba.

A filinmu kowa Babangida yake son zama, domin a shekarar ce ya koma Ajax, ga gudu kamar barewa. Ni ba ni da wannan gudun. Bahago ne ni, ina da numfashi, sai a yi wasa biyu a jere ban nemi ruwa ba. Wata rana Koci ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai Garba Lawal na. Inda duk na aje ka, nan za ka tsaya." Yau ya sa ni lamba uku, gobe lamba shida, jibi gefen hagu. Na ji ciwon abin a lokacin, domin wanda ya zura ƙwallo ake ɗagawa sama, mai tare hanya sai dai ya tafi gida da ƙujewar gwiwa. Amma sunan ya bi ni. Har yau akwai tsofaffin abokai da ba su san ni da wani suna ba.

Ranar Asabar 13 ga Yuni 1998 ba za ta fita daga raina ba. Kwana 5 ke nan da rasuwar Janar Abacha, duk majalisar da ka zauna maganar ke nan, ga ruwa ya sauka ana ta shuka. Baba ya ba ni kunya shida a gonar gero ya ce kada in tashi sai na gama. Na yi biyu, na tura kwashe ƙarƙashin sabara, na sheƙa cikin gari. Najeriya ce da Sifaniya a birnin Nantes na Faransa, wasanmu na farko a kofin duniya na shekarar. Hierro ya fara cin mu, Mutiu Adepoju ya farke da ka. Ana dawowa daga hutun rabin lokaci Raul ya ƙara. Wurin ya yi tsit, wani dattijo yana cewa dama ai Turawa ne. A minti na 73 Garba Lawal ya kutsa ta gefen hagu har kusa da layin ƙarshe, ya shimfiɗo ƙwallo a ƙasa, golansu Zubizarreta ya kai hannu, ƙwallo ta goge shi ta faɗa raga. Ban san lokacin da yaran unguwarmu suka ɗaga ni sama ba, suna kiran sunan da Koci ya sa mini, kamar ni na buga. Bayan minti 5 Sunday Oliseh ya ɗirka wadda duniya ba ta manta ba, aka tashi 3 da 2.

Da na koma gona na tarar da Baba tsaye a kan kunya ta uku da kwashena a hannunsa. Bai dake ni ba. Ya miƙo mini, ya zauna a gindin bishiya, bai tashi ba sai da na gama shidan, ana kiran magariba. Da dare yana kan tabarma da rediyonsa kamar kullum, aka zo labarin wasanni, aka ambaci sunan. Sai na ji ya ce da Baffa, "Wanga Garba, ɗan ina na?" Baffa ya ce ɗan Kaduna ne, a Holan yake aiki. Baba ya ce, "Aiki?" Baffa ya ce aiki mana, biyansa ake yi. Baba bai ƙara cewa komai ba.

A lokacin mun yi karo-karo mun sayi ƙwallon fata ta hannu, ta yage a ɗinki, na ɓoye ta a bayan rumbu don kada ya gani. Bayan kamar mako guda na je ɗaukarta in kai wa baduku, na tarar an ɗinke ta tsaf da zaren homa, da irin ƙullin da ake yi wa raga don kada kifi ya ɓalle. Mutum ɗaya ne a gidanmu yake yin wannan ƙulli. Bai taɓa ambata ba, ni ma ban taɓa yi masa godiya ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da suke damuna har yanzu.

Sai da na girma na san cewa waccan ƙwallo ta minti na 73 ba a rubuta ta da sunan Garba Lawal ba. A takarda cewa aka yi gola ne ya ci gidansu. Abin ya tsaya mini a wuya, domin kusan haka rayuwarsa ta ƙwallo ta kasance gaba ɗaya. Daga Julius Berger ta Legas ya tafi Esperance ta Tunisiya, daga can ya wuce Roda JC ta Holan a 1996, ya zauna har 2002, kuma yana can ƙungiyar ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasar sau biyu, a 1997 da 2000. Ya je kofin duniya sau 2, ya je gasar cin kofin Afirka sau 4: azurfa a 2000, ranar da Kamaru ta doke mu da bugun fenariti a Legas, sai tagulla a 2002 da 2004 da 2006. Ku duba masu horarwar da suka wuce a wannan tsakani: Bonfrere, Bora, Amodu Shuaibu, Onigbinde, Christian Chukwu, Eguavoen. Kowanne ya zo da nasa mutanen ya kori na wani, amma kowanne sai ya kira Garba. Ko da aka yi wa ƙungiyar garambawul bayan gasar Mali ta 2002, aka ajiye manya irin su Oliseh da Finidi, shi an tafi da shi Koriya da Japan. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiya, ko ta yaran unguwa ce, ya san dalili. Ana samun masu gwaninta a kowane lungu. Wanda za ka ce masa yau baya za ka tsare, ya ce to, ya yi minti 90 yana gudu don wani ya yi suna, shi ne mai wuyar samu. A ganina ba a ba mutumin nan haƙƙinsa ba a bakin masu hira, har a nan Arewa inda ya kamata a fi kowa saninsa.

Nawa wasan bai yi nisa ba. Na buga wa makarantarmu, na buga gasar ƙananan hukumomi, an kai mu Birnin Kabi mun taka filin wasa na Haliru Abdu, ranar da na fara sa ƙafa a fili mai ciyawa da layi. Na yi kaka biyu a wata ƙaramar ƙungiya, albashi sai an ga dama, wani lokaci kuɗin mota kawai za a ba ka da ledar ruwa. Ina da shekara 21, ina ganin sa'o'ina sun fara aure, ni ko takalmin ƙwallo na kirki ba ni da shi.

A nan ne mutumin ya same ni, ƙarshen 2005. Ya zo kallon wani wasa da muka yi, da babbar waya da jaka a hannu, ya kira ni gefe. Ya ce ya ji ana kirana Garba Lawal, ko na san ta inda Garba ya bi ya shiga Turai? Na ce ta Tunisiya. Ya ce to can zai kai ni gwaji, yana da mutane. Ya nuna mini takarda mai tambari da hotunansa da wasu Larabawa. Naira 120,000 ya ce, kuɗin fasfo da biza da jirgi, sauran ƙungiya za ta biya. Ya san inda zai taɓa ni, ya kuwa taɓa.

Abin da na yi ban taɓa faɗarsa a bainar jama'a ba sai yau. Baba yana da injin ban ruwa guda ɗaya, wanda ya tara kuɗin kifi na shekaru ya saya, shi ne ƙashin bayan noman raninmu. Na ɗauke shi da dare na sayar wa wani a ƙauye. Inna kuma ita ce uwar adashin matan unguwa, na san ƙwaryar da take ajiye kuɗin. Na kwashe Naira 60,000, kuɗin mata 12, waɗansu na kayan ɗakin 'ya'yansu ne. Na cika da abin da na tara da rancen wani aboki. Na ce wa raina aro ne, wata 6 zan aiko da ninkinsa. Ban yi sallama da kowa ba.

A Agege ta Legas ya sauke mu, ɗaki ɗaya, mu 11, daga Jos da Kano da Minna da wasu garuruwa. Kullum da safe mu fita atisaye a filin wata makaranta, ya ce biza tana hanya. Mako na uku ya karɓi fasfo ɗinmu ya ce zai kai ofishin jakadanci. Daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Mai gida ya zo ya ce wata ɗaya aka biya masa.

Waɗansu suka kira gida aka aiko musu da kuɗin mota. Ni da wane baki zan kira? Na gangara kasuwar Mile 12, wajen 'yan albasa, domin na san mutanen Aliero suna kawo kaya. Na zama ɗan dako. Buhun albasa a ka daga mota zuwa rumfa, dare kuma in shimfiɗa kwali. Idan na hango wanda na sani daga gida sai in juya fuska in bi wani layi. A nan na yi Babbar Sallah ta watan Janairun 2006, wani dattijo ɗan Jega ya ba ni nama a leda, na koma bayan mota na ci ina hawaye. Numfashin da Koci yake yabo, a dako ya ƙare.

Ana cikin haka aka fara gasar cin kofin Afirka a Masar. Kwaddebuwa ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe da ƙwallon Drogba, saura wasan neman na uku da Senegal. Kowa ya san irin wannan wasa, 'yan wasa da yawa jikinsu ne kawai a fili, zuciyarsu ta riga ta hau jirgi. Gidan kallon ma rabinsa babu kowa. Na biya Naira 20 na shiga don in huta da tunani. A lokacin maganar Mikel Obi ake yi, yaro ɗan shekara 18, Garba kuwa ya haura 31, na kusa da ni yana ta cewa me tsohon nan yake yi a fili har yanzu. Wasa ya yi nisa babu ci, ana saura kamar minti 10 a tashi, sai ga Garba Lawal ya zura ta. Da ita aka tashi, 1 da nema, Najeriya ta karɓi tagulla. Wannan karon da sunansa aka rubuta.

Na daɗe zaune a bencin bayan kowa ya fita. Shekara 10 ke nan tun ranar da na fara jin sunansa, kuma ga shi yana nan inda aka ajiye shi, yana aikin da aka sa shi, a wasan da mutane suka raina. Ni da aka laƙaba wa sunansa, an ajiye ni a fadama na gudu, na bar tsoho da shinkafa babu ruwa. Maganar Koci ta dawo mini kamar yanzu yake faɗarta. Washegari na nemi dattijon nan ɗan Jega na gaya masa gaskiya tun daga farko. Ya yi salati, ya yi mini faɗa sosai, sannan ya haɗa ni da direban da zai koma. A bayan babbar mota na yi tafiyar, ta Ilori da Jebba da Kwantagora da Yawuri, kwana 2.

Da la'asar na shiga gida. Inna tana tankaɗe, ta ɗago ta gan ni, ta saki rariya ta rufe fuska da mayafi. Baba yana zaure yana gyaran homa. Na durƙusa, bakina ya kasa buɗewa. Ya dube ni tun daga kai har ƙafa, ya ga yadda na rame, ya ce, "Ka ci abinci?" Na girgiza kai. Ya ɗaga murya ya ce a kawo mini tuwo. Da na gama ya ce, "Gobe da assuba akwai ban ruwa." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, har ya koma ga Allah.

Da asuba na ga abin da na jawo. Rabin gonar ya bushe. Sauran rabin da guga yake ba ta ruwa daga rijiyar fadama, shi da ƙannena, sai ranar da ya sami kuɗi ya yi hayar injin maƙwabci na awa biyu. Hannunsa duk ya tsage. Sannan na lura jirginsa ba ya bakin gulbi inda ya saba ɗaure shi.

Inna ce ta gaya mini, bayan kwanaki, muna mu biyu. Ranar da aka gane kuɗin adashi sun ɓata, kafin magana ta fita, Baba ya sayar da jirgin, ya kawo kuɗin ya zuba a ƙwaryar, kowace mace ta ɗauki kwasarta a ranarta, babu wadda ta san an taɓa. Masu tambayar inji kuwa, da masu tambayata, amsa ɗaya yake ba su: "Ni nas sai da shi, ni nat tura yaro Ikko neman sana'a." Mutane suka yi ta yi masa surutu, wai tsufa ya sa ya sayar da abin nomansa a kan mafarkin yaro. Ya ɗauka ya yi shiru. Masunci ɗan masunci, ya koma bin jirgin wasu ana raba kamu da shi. Har yau akwai dattawa a unguwarmu da suke ganin wautar Baba ce, shi ya sa nake rubuta wannan. Ni na ɗauki injin, ni na ɗauki kuɗin. Shi rufa mini asiri ya yi.

Shekara 3 na yi ina noma da dako da acaba kafin na sayi wani injin, a 2009. Na kawo shi a bayan babur na ajiye a gabansa. Ya zagaya shi, ya taɓa tiyo, ya tambaye ni man da yake sha a awa. Jirgin ne ban samu na mayar masa ba. Ina cikin tara kuɗinsa ciwo ya kwantar da shi, ya rasu a 2013. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa shi a addu'a.

Garba Lawal kuwa, bayan Holan ya buga a Levski Sofia ta Bulgeriya, da Elfsborg ta Suwidin, da Santa Clara ta Fotugal, da Iraklis ta Girka, har Chaina ya je. Da ƙarfi ya fara raguwa bai ji kunyar dawowa gida ba, ya sake sa rigar Julius Berger, ya buga wa Lobi Stars ta Makurɗi, daga baya ya riƙe aikin manaja a Kaduna United. Ban taɓa haɗuwa da shi ba. Ina fatan Allah ya haɗa mu ko sau ɗaya, in ba shi hannu, in gaya masa cewa ƙwallon da ya ci Senegal ta dawo da wani yaro gidan ubansa.

Yanzu ina noman shinkafa a gonar Baba. Ambaliyar 2020 ta cinye mana komai, muka sake shukawa da rani. Da la'asar kuma ina tara yara a yashin nan da muka taso, tun da Koci ya rasu babu wanda ya ɗauka sai ni. Ba na karɓar yaro sai na je gidansu na gaisa da mahaifinsa, kuma wanda bai gama aikin gona ko na makaranta ba, benci zai zauna ko da shi ne gwaninmu. Suna zuwa da rigunan Barcelona da Chelsea, yawancinsu ba su taɓa jin sunan Garba Lawal ba, sai in buɗe waya in nuna musu minti na 73, in ce su bar kallon gola, su kalli inda mutumin ya taso da gudu. Tsohuwar ƙwallon tana cikin akwatina, fatar ta bushe ta tsattsage, ɗinkin bai saki ba.

Bara wani ya zo bakin filinmu da babbar waya, ya ja ɗaya daga cikin yarana gefe, bahago mai numfashi, ɗan shekara 17. Na bar atisaye na bi su. Na tambayi mutumin sunan ƙungiyar da za ta yi gwajin da takardar gayyata, na ce kuma in da gaske suna son yaron, su za su biya jirgi. Ya ce zai dawo da takardu, bai dawo ba. Daren nan na je gidan su yaron, na zauna da shi da mahaifinsa a zaure, na ba su labarin inji da jirgi da kuɗin adashi, karo na farko da na faɗa wa wani a garinmu da bakina. Yaron ya yi fushi da ni na kusan wata guda, ko gaisuwa sai da ƙyar. Yana nan yanzu, lamba shida yake buga mana, ranar Asabar muna da wasa da 'yan Gulma.